Shekarar da Baba Ya Buɗe Gurbin Tsamiya

Ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Ila, wannan babi naku ne, kuma ba za ni ɓoye muku ba, da ɓacin rai na zauna rubuta shi. A wajen sunan da aka yi gidan Hadiza na ji da kunnena, ba wani ya kawo mini tsegumi ba, ɗaya daga cikinku yana ce wa ɗan Ila wai ubansu ne ya cinye Gurbin Tsamiya, shi kuma ya mayar masa da cewa gara wanda ya ci da wanda ya tsere teku kallon kifi. Aka kwashe da dariya, aka ci gaba da cin tuwo. Ni tuwon nan bai wuce mini ba. Ila yana ƙasa, ba shi da bakin kare kansa, ni ma rana ta yi mini yamma. In ban faɗa ba yanzu, maganar wasa ita za ta zama tarihin gidanmu.

Ku da kuka tashi kuka tarar da albasa a wurin, ba ku san mene ne gurbin ba. Ƙauyenmu yana gabas da Tsamaye, kuma da damina in gulbi ya cika sai ya ɓallo ta wani baki ya zuba cikin kwari mai zurfi a gindin tsamiya. In rani ya shigo gulbi ya ƙafe ya koma yashi, gurbin nan ne kaɗai ke riƙe ruwa, duk kifin da ya rage a yankinmu yana ciki, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. Gidanmu ke riƙe da sarautar ruwa tun kakanni. Kada ku ji sarauta ku ɗauka wani abu ne, babu rawani, babu ko goro. Aikin rufewa ne da buɗewa. Ranar da gulbi ya yanke, kakanku, wato Baba, zai kafa sanda mai ɗaurin kaba a bakin ruwa. Daga ranar shanu su sha, mata su ɗiba, yara su yi iyo, kifi kuwa sai kallo. Gab da damina ya cire sandar, gari ya shiga yini guda da homa, ragar su mai manyan idanu. Ko a ranar ba a taɓa kan gurbi, wajen saiwoyin tsamiya, domin nan iyayen kifi ke laɓewa, su ne iri. Baba ba shi da ɗan sanda ba shi da bulala, maganarsa ce kawai, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsallake ta ba.

Ni ne ɗan fari, ni aka sa boko, kuma da na je jami'a ilmin kifi na karanta, abin da ya sa mutanen gari suka ce an kashe kuɗi an koya wa ɗan masunci su. Ina koyarwa a sakandare a Isa, na riga na fara furfura, sai wani tsohon malamina ya aiko mini da saƙo. Wai akwai masu bincike a wani tsibiri a gaɓar tekun gabashin Afirka, suna neman 'yan sa kai waɗanda suka iya ruwa kuma suka iya rubutu, domin aiki a kan wani ƙaton kifi da baƙi ke zuwa kallo. Babu albashi, ci da makwanci da kuɗin jirgi ne kawai, na 'yan watanni. Wallahi da na karanta zuciyata ta buga kamar ta saurayi. Na shekara da shekaru ina zana teku a allo da alli, ban taɓa ganinta ba.

Sai dai saƙon ya zo a mummunar shekara. Damina biyu ke nan a jere ruwa yana yaudararmu. A yi yayyafi, a yi shuka, gero ya kai gwiwa, sama ta washe. Daga Gangara har Sabon Birni gona ta ƙone ƙurmus, maza suka watse cin rani tun kafin lokacinsa, mata suka koma tafasa da dusa. Gulbi ya ɗan leƙo gurbi ya janye, ko rabi bai cika shi ba. Ga idon Baba, yanar ido ta rufe ɗaya, ta kama ɗayan. Na hau kabu-kabu na je gida, bayan la'asar na same su a zaure shi da Ila, na faɗi abin da ke tafe da ni. Ila, Allah ya jiƙansa, ba ya iya ɓoye fushi, yana gyaran homa ya jefar da ita.

"Haba Yaya! Gero ya ƙone, gurbi bai cika ba, idon Baba ya tahi, kai kau za ka bin kihin da ko miya ba a yi da shi? Kuma kyauta? In aikin lada kaka so, ga shi nan bakin ƙofa."

Baba ya juyo fuskarsa wajen da muryata take. Bai taɓa kiran sunana ba, kun san kunyar ɗan fari, "kai wanga" yake ce mini.

"Kai wanga, girman kihanyar nan ya kai mi?"

"Baba, an ce ta fi kwalekwale biyu in an jera su. Jikinta ɗigo-ɗigo ne fari kamar na zabo."

"Tana cin mutum?"

"Dangin masu cizo ce, amma ita ba ruwanta da kowa. Ƙananan abubuwa take tacewa cikin ruwa."

"To mi za ku yi mata?"

"Tsaronta ake so a koya, Baba. Mutane sun yi yawa wajen kallonta, ana so a gane ko kallon yana cutar da ita."

Can Baba ya ce:

"Ashe akwai masu irin aikinmu cikin duniya. Tahi ka gano zabuwar nan. Ka duba yadda suka tsaron nasu ruwa, ka zo ka gaya mani. Wataƙila sun san wata dabara da ba mu sani ba, don shekarun ga da nika gani tahe, sanda da kaba ba za su isa ba."

Kun ji yadda aka yi na tafi. Ba tserewa na yi ba, aike ne, kuma har na hau jirgi ina jin kamar an ɗora mini gurbin a ka. Ila bai raka ni tasha ba. Da na buɗe jakata a Sakkwato na tarar ya cusa mini ƙullin ƙuliƙuli, a shekarar da 'ya'yansa ke kwana da kunun dusa.

Ba za ni cika ku da labarin hanya ba. Tsibirin Musulmi ne masunta, ba na jin harshensu ba sa jin nawa, amma sahu ɗaya muke bi a masallaci. Mai tuƙa jirginmu wani dattijo ne, Hamisi, shi ya fara koya mini yadda ake numfashi ta bututu fuska na cikin ruwa, yana yi mini dariya ina shan gishiri ina tari. Ranar da na fara ganin zabuwar kuwa, ku bari! Hamisi ya nuna wata inuwa, na faɗa ruwa, na buɗe ido, sai ga baki mai faɗin ƙofar zaure yana tahowa a hankali, ya wuce ta gefena, jiki yana bin jiki ba ya ƙarewa. Ko kallona ba ta yi ba. Na manta da na'urar hoton da ke hannuna, ina ta salati cikin bututu. Da na hau jirgi na zauna na yi kuka, ba kunya, domin wanda ya fi kowa cancantar ganin wannan halitta yana zaune a zaure ba ya ganin ko tafin hannunsa.

Aikin kansa ba wuya. Ka bi ta hagunta ka ɗauki hoton ɗigon da ke bayan kunnenta, domin kowace da irin zanenta, da shi ake gane wadda ta dawo da baƙuwa. Ka lura da jiragen baƙi da suka kewaye ta, da masu iyon da suka matse ta, ka ga ko ta ci gaba da kiwonta ko ta nutse ta bar abincin. Da rana ka zauna da masunta, da tafinta a tsakani, ka ji abin da suke gani. Wuyar tana wajen haƙuri. An kafa doka kada a taɓa ta, kada a tare mata gaba, amma in baƙo ya biya kuɗi ya tsallako duniya, yaron jirgi ba ya iya hana shi. Akwai wata ƙarama da muka saba gani, farfelar inji ta tsaga mata baya, tabon fari fat. Ran nan wani ƙato ya kama fiffikenta yana so ta ja shi, matarsa na ɗaukar hoto. Ban san lokacin da na damƙi ƙafarsa na fizgo shi ba. Ya fito yana zage-zage, ni ma na zuba masa nawa da Hausa, Hamisi yana ta riƙe ciki. Da muka sauka shugabar aikin, wata mata mai sanyin hali, ta kira ni gefe ta ce ta fahimce ni, amma mu namu gani ne da rubutawa, in muka fara kokawa da baƙi za a hana mu shiga jiragen. Na haɗiye, amma ranar ban ci abinci ba.

Ina ta neman dabarar da Baba ya aiko ni nema. Na tambayi masuntan me ya sa ba sa kashe ta, ga nama tuli. Suka ce da can wasu suna yi, yanzu kuwa 'ya'yansu ne ke tuƙa jiragen baƙi, matansu ke dafa wa baƙin abinci, wanda ya soke ta ya soki tukunyar gari. Iyakar sirrin ke nan. Na juya shi ta kowace fuska in ga yadda zai shiga Gurbin Tsamiya, ya ƙi shiga.

A lokacin waya ba ta daɗe da zuwa wajenmu ba, sai an hau tudun bayan gari ake kamo sabis na Nijar. Duk Juma'a bayan an sauko Ila yakan hau in kira shi. Kullum "lahiya lau", har wata Juma'a da na ji muryarsa ta canza.

"Yaya, ruwa ya koma gwiwa. Baba ya ce a yashe kan gurbi a ƙara mashi zurhi, ko iri ya tsira. Babu maza garin ga, daga ni sai tsohhi. Ka taho, ko ɗalibanka ka kwaso muna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Na ce masa gobe za ni nemi shugabar aiki in roƙi sallama. Sai na ji ana kokawar waya, ashe ya goyo Baba a kan jaki har tudun.

"Kai wanga, wa'adin da ka ɗaukar ma mutane ya cika?"

"Da saura, Baba."

"To alkawari kaya ne. In ɗan sarkin ruwa ya bar gadi tsakiyar rani, mi za ni ce ma wanda ya jefa ƙugiya? Zamna ka ƙare."

Na zauna. Kuna iya cewa da na ƙi jin maganarsa, kuma ni ma na sha juya abin a raina. Amma ku ba ku san muryar mutumin nan ba, kuma a zamaninmu uba ba ya faɗa sau biyu.

Abin da ya biyo baya ban gani ba, daga bakin Innarmu da tsofaffin gari na tattara shi, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ila ya shiga yasa shi kaɗai, da tsofaffi biyu masu karɓar kwando, da matan da ke iya ɗaga ƙafa. Tun hantsi yana cikin laka har ƙirji yana haƙa tsakanin saiwoyi, ƙayar ƙurungu ta huda masa tafin ƙafa ya ɗaure da tsumma ya koma, zazzaɓi ya kama shi bai fasa ba. Abin da ya haƙa yau, gobe gefe ya zubo ya cike rabi. Rana kuma tana shan ruwan ta sama, shanun da suka gangaro daga arewa suna sha ta gefe, su ma ba a hana su, ba a taɓa hanawa ba. Kifi ya taru wuri guda baki a sama yana haki, gari na tsaye a gaɓa yana kallo da yunwa a ciki, sanda tana tsaye. Ku auna wannan, mutanen da ke dafa ganye ba gishiri, ga nama yana motsi a gabansu, babu wanda ya miƙa hannu. Duk wanda ya ce muku mutanen ƙauyenmu ba su da amana, ku ce ni na ce ƙarya yake.

Wata safiya wata bazawara daga unguwar yamma ta shigo zaure ba sallama, ta ajiye ɗanta a kan ƙafafun Baba. Baba ya shafa yaron, ya ji ƙafafu a kumbure, gashi ya yi laushi yana zuba. Inna ta ce ya daɗe hannunsa na kan cikin yaron. Sannan ya ce a kira Ila, ya tambaye shi tsakaninsa da Allah ko ramin zai riƙe ruwa har damina. Ila ya ce in an ƙara masa kwanaki yana sa rai. Baba ya ce ba sa rai ya tambaya ba. Ila ya sunkuyar da kai ya ce ba zai riƙe ba. Sai Baba ya ce a kama masa hannu. Ya taka har bakin ruwa, ya lalubi sandar ya tuge ta da kansa, ya ɗaga murya:

"Na buɗe. Ku kwashe duka, har kan gurbi. Wanda ya ga alhaki, a wuyana yake."

Aka shiga, mata da tsofaffi da yara, da kwarya da zane da hannu. Kafin azahar babu abin da ya rage mai motsi. Ila bai shiga ba. Ya zauna a gaɓa da kumburarriyar ƙafarsa yana kallon ana kwashe iyayen kifi daga ramin da ya haƙa musu, domin ramin nan shi ya tara su wuri ɗaya ya sauƙaƙa kamun. Da 'yan cin rani suka dawo suka ga rami a gindin tsamiya babu kifi, aka ce musu Ila ne ya haƙa, shi ke nan magana ta tashi wai ya yi wa kifi tarko. Bai taɓa buɗe baki ya musa ba, domin musawar tana nufin ya ce Baba ne, shi kuwa ya gwammace a zage shi.

Na dawo ana gab da shuka, na yi baƙi na rame, jaka cike da hotunan da Baba ba zai gani ba. Ya sa na zauna kusa da shi na kwatanta masa zabuwar tun daga baki har wutsiya, yana gyaɗa kai, har ya sa na auna masa tsawonta da taku a tsakar gida yana bin sautin ƙafata. Sannan ya yi tambayar da nake tsoro.

"To mi ka samo muna?"

Na gaya masa gaskiya, cewa can baƙi ke biya su kalla, shi ya sa ake barinta. Ya ɗan yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba.

"Mu kau wa za ya hau jirgi ya zo kallon tarwaɗa?"

Ya ce Allah ya yi albarka, na cika aike.

Daminar ta yi kyau, gero ya yi. Amma a shekarun farin yashi ya taru ya toshe bakin da gulbi ke shigowa, gulbin ma ya karkata ya koma can. Gurbi ya cika da ruwan sama zalla, babu abin da ke ciki sai kwaɗi. Mun ɓoye wa Baba, domin a lokacin idon ya rufe gaba ɗaya, ƙafa ma ta fara ƙi. Da kaka ta yi ya ce a shirya, za shi rufe gurbi. A al'ada ranar rufewa ana jefa birgi, wato ragar jifa, sau ɗaya a ga abin da gulbi ya bari, a mayar da shi ruwa, sannan a kafa sanda. Na rasa yadda za ni yi. Ila bai yi shawara da ni ba, ya sayar da akuyar matarsa, ya je kasuwar Sabon Birni wajen masu kiwon kifi a tankin siminti, ya sayo tarwaɗa masu rai cikin jarka, ya goyo su a babur ya zuba a kan gurbi tun da safe. Sai da muna tafe da Baba a tsakiyarmu ya raɗa mini inda zan jefa. Na jefa, na jawo, ga guda tana bugun raga. Na sa wa Baba ita a hannu. Ya shafa ta daga gashin baki har wutsiya, ya sake shafawa, ya daɗe.

"Ta yi ƙiba," in ji shi.

Ya durƙusa da kyar, ya sake ta cikin ruwa, ya ce ta je ta hayayyafa. Ya kafa sandarsa. Ko ya gane ko bai gane ba, har yau ban sani ba, mutumin da ya shekara saba'in yana taɓa kifi. Bai ce ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da sanyi ya shigo ya kwanta, bai tashi ba.

Dattawa suka ce ni ne sarkin ruwa. Ruwan sama ba ya jure rani kamar na gulbi, kafin bazara ta yi nisa gurbi ya koma laka. Wata rana Ila ya aiko garin Isa a kira ni. Na same shi tsaye a gindin tsamiya, ga 'yan tarwaɗan nan nasa suna birgima cikin taɓo, shaho na shawagi a sama. Tun kwana biyu yake korar shaho da karnuka, bai taɓa ko ɗaya ba.

"Yaya, Baba ya ruhe bai buɗe ba. Kai ka da baki yanzu."

Daga ni sai shi a wurin, babu wanda zai ji. Duk da haka na tuge sandar na ce na buɗe. Buɗina na farko ke nan a sarauta, ban kuma sake yin wani ba. Ila ya naɗe wando ya shiga, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya a kwarya, ya wanke su da ruwan butarsa. Ya bi gida-gida yana miƙa wa tsofaffin da suka karɓar masa kwando lokacin yasa, ta ƙarshe ya kai wa bazawarar nan ta unguwar yamma, wadda ɗanta bai kai daminar ba. Ya koma gida da kwarya wayam, matarsa ta tambaye shi ina nasu, ya ce shi ya ƙoshi da kifi. Daga ranar har Allah ya karɓi ransa, ubanku Ila bai sake sa kifi a bakinsa ba.